Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Nijeriya

Zuwa ga Alhaji Ibrahim Musa Gusau, shugaban NFF, da 'yan majalisar zartarwarsa.

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Sai da na bari aka yi kwana goma kafin in ɗauki alƙalami, don kada fushi ya sa in faɗi abin da zan yi da-na-sani. Daren Lahadi 16 ga Nuwamba 2025 a gidan kallon unguwarmu na kalli wasanmu da Kongo a Rabat na neman gurbin Kofin Duniya na 2026, ni da jikana ɗan shekara 11. Frank Onyeka ya ci a minti na uku, gidan ya ɗauki sowa har ba ka jin maganar na kusa da kai. Kongo ta farke kafin a tafi hutun rabin lokaci, Osimhen bai dawo fili ba saboda rauni, aka yi ta ja har ƙarin lokaci ya ƙare. Da Chancel Mbemba ya buga fenaritin ƙarshe ƙwallo ta shiga, mutane suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai ce wa wani uffan. A hanyar gida yaron nan ya ja hannun rigata ya ce, "Kaka, to sai yaushe kuma?" Na ce sai 2030 in Allah ya kai mu. Ya ƙirga da yatsu, ya ga a lokacin yana da shekara 16. Rabon Nijeriya da Kofin Duniya tun yana ɗan shekara huɗu, bai tuna komai a ciki ba.

Ni ba kowa ba ne a harkar ƙwallo. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, wanda ya ga Rashidi Yekini yana buga wa UNTL ta Kaduna tun yana siririn saurayi, ya ga Daniel Amokachi a Ranchers Bees kafin Turai ta san da shi. Abin da nake da shi kawai shi ne na daɗe ina kallo, kuma ban manta ba. A cikin kwanakin nan na ji ana ta cewa rashin sa'a ne, ai fenariti ba ta da gwani. Ban yarda ba. Duk wanda ya bi tarihin tawagar nan daga farko zai ga cewa ramin da muke faɗawa guda ne, kuma duk lokacin da muka ɗauki kofi, hanyar da muka bi guda ce. Shi ya sa nake roƙon ku yi haƙuri ku bi ni mu waiwaya.

A 1949 aka fara tara tawagar ƙasa. 'Yan wasa 18 suka shiga jirgin ruwa daga Legas zuwa Ingila, Etim Henshaw ne kyaftin, da Teslim Balogun wanda ake kira Thunder saboda ƙarfin bugunsa, da John Dankaro ɗan Takum. Yawancinsu ba takalmi suka buga, cikin sanyin Turawa, kuma wasan farko suka doke Marine Crosby da ci 5 da 2. A hanyar dawowa suka tsaya Freetown ranar 8 ga Oktoba suka ci Saliyo 2 da nema, wasan ƙasa da ƙasa na farko ke nan a tarihinmu. Jajayen riguna suke sawa ana ce musu Red Devils, sai bayan samun 'yancin kai aka koma kore da fari da sunan Green Eagles. Zuwanmu gasar Kofin Afirka na farko a Ghana a 1963 bai yi daɗi ba: Masar ta zura mana 6, Sudan ta zura mana 4, muka dawo gida. Daga nan sai da muka yi shekara 13 ba mu koma ba.

Abin da ya canja lamarin ba boyayye ba ne. An kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta fara ɗauka. A 1973 muka ci zinare a wasannin Afirka a Legas. Aka kawo wani koci ɗan Yugoslabiya da 'yan wasa ke kira Father Tiko, aka bar shi ya yi shekara huɗu yana gini da yaran Rangers ta Inugu da IICC ta Badun da Bendel Insurance da Raccah Rovers ta Kano. Ya kawo tagulla daga Habasha a 1976, ya sake kawowa daga Ghana a 1978. A tsakani an yi baƙin ranar 12 ga Nuwamba 1977, da Godwin Odiye ya ci gida da ka a wasanmu da Tunisiya a Legas, muka rasa zuwa Kofin Duniya na Ajantina. Amma ba a rushe tawagar ba. Otto Gloria ɗan Brazil ya zo ya tarar da tushe, ya ɗora.

Ranar 22 ga Maris 1980 ina da shekara 18. Gidan wani maƙwabcinmu ne kaɗai ke da talabijin a layin, baƙi da fari, aka fito da ita tsakar gida aka ɗora kan tebur. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ƙara ta uku, Aljeriya ba ta ce komai ba. Shugaba Shehu Shagari da kansa ya miƙa wa Christian Chukwu kofi a filin Surulere, ya ba kowane ɗan wasa gida a Festac da mota Fijo 504. Ku lura da wannan, ranka ya daɗe: kusan duk tawagar nan a lig ɗin gida take wasa, kuma shekara shida aka yi ana haɗa ta.

Bayan nan muka shiga shekarun azurfa. Kamaru ta doke mu 3 da 1 a wasan ƙarshe a Abidjan a 1984. Ta sake doke mu 1 da nema a Kasabalanka a 1988 da fenaritin Emmanuel Kunde, bayan alƙalin wasa ya soke ƙwallon da Henry Nwosu ya ci da ka, wadda har gobe ban ga satar gidan da aka ce an yi ba. A shekarar ne aka fara kiran tawagar Super Eagles. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin Surulere ana wasa da Angola, bai tashi ba. Mako biyu bayan haka Kamaru ta ci mu 1 da nema a Yawunde ta hana mu zuwa Italiya, kuma a wasan ne wani Bature ɗan Holan da ba wanda ya san shi a nan ya fara zama a bencinmu.

A kan Clemens Westerhof nake so in tsaya, domin duk abin da nake son faɗa yana cikin labarinsa. Wasansa na farko ya faɗi. Wasansa na farko a Kofin Afirka na 1990 Aljeriya ta lallasa mu 5 da 1. Da a yau ne, kafin jirgi ya sauka Abuja an rubuta masa takardar sallama. Ba a kore shi ba. Da yaran gida ya je gasar, har da Amokachi ɗan shekara 17 da ya ɗauko daga Kaduna, kuma da su ya kai wasan ƙarshe, Aljeriyar ta sha da ƙyar da ci ɗaya. A 1992 a Senegal ya zo na uku. Mutumin nan yana yawo gari-gari yana kallon wasan lig, ya tsinto yaro, ya nema masa kulob a Beljiyam ko Holan, ya dawo da shi tawaga ya goge. Ranar 8 ga Oktoba 1993 Finidi George ya ci a birnin Aljiyas, aka tashi kunnen doki, Nijeriya ta samu gurbin Kofin Duniya karo na farko, shekara 44 cif daga wasan Freetown. Ranar 10 ga Afrilu 1994 Emmanuel Amuneke, wanda bai buga ko wasa ɗaya a gasar ba kafin ranar, ya ci biyu muka doke Zambiya 2 da 1 a Tunis. Na yi murna, amma na tausaya wa 'yan Zambiya, domin shekara ɗaya ke nan da jirgi ya faɗi da tawagarsu a gaɓar tekun Gabon. A watan ne FIFA ta sa Nijeriya ta biyar a duniya, matsayin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa kai wa.

Sai Amurka. Tsakar dare muka tashi muka kalli Yekini ya ci Bulgeriya ya shige cikin raga ya riƙe ta yana girgizawa yana kuka. Yaron da na gani a filin masaƙa ne wannan. Amokachi da Amuneke suka ƙara, 3 da nema, kuma Bulgeriyar nan ita ce ta je har wasan kusa da na ƙarshe. Ajantina ta ci mu 2 da 1, muka ci Girka 2 da nema, muka zo na ɗaya a rukuni. A zagaye na biyu muna gaban Italiya da ci ɗaya, an ba Zola jan kati sun koma goma, saura minti biyu a tashi, Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fenariti a ƙarin lokaci. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi. Amma ku dubi tsanin da aka hau: azurfa, tagulla, zinare, sannan Kofin Duniya, cikin shekara biyar, da koci ɗaya.

Tawagar nan ta 1994 ya kamata ta mallaki Afirka na shekara shida ko fiye. Siyasa ta hana. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da saɓanin da ya biyo baya da Nelson Mandela, gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana 'yan wasa zuwa kare kofinsu a Afirka ta Kudu a 1996, CAF kuma ta haramta mana gasar 1998. Gasa biyu suka wuce mu a lokacin da ba wanda zai iya tsayawa gabanmu. Abin da muka rasa ya fito fili a Atlanta, inda 'yan ƙasa da shekara 23 suka taso daga 3 da 1 suka doke Brazil 4 da 3 da ƙwallaye biyun Nwankwo Kanu, sannan suka ci Ajantina 3 da 2 ranar 3 ga Agusta 1996. A cikin 'yan wasa 18 da suka rataya zinaren nan, biyar haifaffun Kaduna ne: Amokachi, Garba Lawal, Tijjani Babangida, da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel. Gari ɗaya. Zan dawo kan wannan.

Daga nan aka fara wata ɗabi'a da har yau ba ta bar gidan nan naku ba, wato wani ya yi noma wani ya zo girbi. Philippe Troussier ne ya samo gurbin 1998, Bora Milutinovic ne ya tafi da tawaga Faransa. Mun ci Sifaniya 3 da 2, da ƙwallon da Garba Lawal ya kwaso daga gefe Zubizarreta ya tura ta raga da hannunsa, da kuma wadda Sunday Oliseh ya narka daga nesa. Muka fara lissafin haɗuwa da Brazil, Denmak ta zo ta zura mana 4, Babangida ya rama ɗaya. A 2000 muka karɓi baƙuncin Kofin Afirka tare da Ghana, har Kano ta ga wasanni. Babangida ya ci Afirka ta Kudu biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar 13 ga Fabrairu Kamaru ta sake fin ƙarfinmu a Legas a bugun fenariti, bayan ƙwallon Victor Ikpeba ta daki ƙarfe ta haye layi alƙali ya ce ba ta shiga ba. Wannan kam zalunci ne na fili, ba laifin kowa a cikinmu.

Amma abin da aka yi wa Shu'aibu Amodu, Allah ya jiƙansa, laifin gida ne. A 2001 tawaga na gab da rasa gurbi bayan Saliyo ta doke mu a Freetown, aka miƙa masa, ya ceto ta. Ya zo na uku a Mali a 2002, aka kore shi, aka wargaza tawagar saura 'yan watanni a fara gasa, aka ajiye Oliseh da Finidi da Babangida. Muka je Japan muka dawo da maki ɗaya da ƙwallo ɗaya. A 2009 ya sake samo gurbi a Nairobi a ranar ƙarshe, ya zo na uku a Angola, aka sake korarsa aka kawo Lars Lagerback ɗan Suwidin wanda bai san sunayen yaran ba sai a takarda. Muka sake dawowa da maki ɗaya. Mutane sun ɗora komai kan jan katin Sani Kaita a wasan Girka da ƙwallon da Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar a gaban ragar Koriya ta Kudu, har aka yi wa Kaita barazana da ransa. Ba wanda ya tambayi waɗanda suka canja koci saura wata huɗu. Sau biyu Amodu ya kai Nijeriya Kofin Duniya, bai taɓa zama a benci a can ba har ya koma ga Mahaliccinsa a watan Yunin 2016.

Ina filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ranar 18 ga Yuni 2005, a wasanmu da Angola na neman gurbin Kofin Duniya na 2006. Okocha ya ci da bugun tazara tun da wuri, Figueiredo na Angola ya farke bayan hutu, aka tashi 1 da 1. Jaridun Legas suka yi ta cewa zafin Kano ne ya kashe 'yan wasa, laifin Alhaji Ibrahim Galadima, shugaban hukumar na lokacin, ne da ya kai wasan garinsu. An manta cewa Angola ta riga ta ci mu 1 da nema a Luwanda, an manta mun yi canjaras da Gabon a Libarbil da Ruwanda a Kigali. Maki 21 muka yi, Angola ma 21, sakamakon karawarmu da ita ya raba. An zagi Galadima da ya nuna cewa zuwa Kofin Duniya ba gadon gidanmu ba ne. Ga shi yau sau biyu a jere an tafi ba mu, kuma ba a Kano aka buga ko ɗaya daga cikin wasannin ba.

Tagullar 2002 da 2004 da 2006 da 2010 ba sai na tsaya a kansu ba. Mun rasa zuwa gasar 2012 gaba ɗaya bayan Gini ta farke mana a Abuja. Sai aka ba Stephen Keshi, kyaftin ɗin 1994. Ya yi abin da Westerhof ya koya masa: ya tara yaran lig a sansani wata da watanni, ya ajiye wasu manyan sunaye, ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan gida shida, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. An yi ta yi masa dariya. Sunday Mba, ɗaya daga cikin shidan, shi ya fitar da Kwaddibuwa mai su Drogba da Yaya Toure, shi kuma ya ci Burkina Faso ranar 10 ga Fabrairu 2013 a Johannasbag. Kashegarin ɗaukar kofi Keshi ya ce ya ajiye aiki saboda irin zaman da ake yi da shi, sai da manya suka sa baki. Ya yi watanni ba albashi. Ya kai mu zagaye na biyu a Brazil, aka sallame shi, aka dawo da shi, aka sake sallamarsa. Sakamakon wannan kai-komo shi ne masu riƙe da kofi ba su je gasar 2015 ba, ba su je ta 2017 ba. Kwana uku ne tsakanin rasuwarsa da ta Amodu.

Kofi uku ke gare mu, 1980 da 1994 da 2013. Sau biyar muka faɗi a wasan ƙarshe, na baya-bayan nan a Abidjan ranar 11 ga Fabrairu 2024 da William Troost-Ekong ya fara ci Kwaddibuwa ta rama biyu. Tagulla takwas. Kofin Duniya sau shida, zagaye na biyu sau uku, ba mu taɓa haye shi ba, kuma sau biyar Ajantina na cin mu da ratar ƙwallo ɗaya. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars kafin ya fita waje, shi ke da huɗu daga cikin ƙwallayenmu a gasar, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018. Wannan tarihi ne da ƙasashe da yawa za su yi alfahari da shi. Ga ƙasar su Yekini da Amuneke da Kanu da Ikpeba da Osimhen da Lookman, waɗanda duk an ba su gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ya yi kaɗan.

Yanzu bari in zo kan zamaninku, ranka ya daɗe, domin abin da ya gabata kun gada ne, wannan kuwa a hannunku ya faru. An faɗaɗa Kofin Duniya zuwa ƙasa 48, Afirka ta samu gurbi tara kai tsaye. Kef Bad, tsibiran da mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, ta samu. Mu aka haɗa mu da Afirka ta Kudu da Benin da Ruwanda da Zimbabuwe da Lesotho. A wasa huɗu na farko maki uku muka samu: canjaras da Lesotho a Uyo, canjaras da Zimbabuwe, canjaras da Afirka ta Kudu a Uyo, sannan Benin ta doke mu 2 da 1 a ƙarƙashin Gernot Rohr, kocin da aka sallama daga nan saura makonni a fara Kofin Afirka a Kamaru. Jose Peseiro ya ja wasa biyu ya tafi, Finidi ya ja biyu ya ajiye, aka yi wata da watanni ana neman koci, har aka sanar da Bruno Labbadia ɗan Jamus bai zo ba. Eric Chelle ya zo a Janairun bana ya samu maki 14 a wasa shida. Maki ɗaya ya raba mu da Afirka ta Kudu, wadda ma sai da FIFA ta cire mata uku. Ba a Rabat muka rasa gurbin nan ba. Tun Nuwamban 2023 da Yunin 2024 muka zubar da shi, lokacin da ake wasa da kujerar koci.

Sannan maganar alawus. Saura kwana biyu a kara da Gabon, duniya ta ji cewa 'yan wasanmu sun ƙi fita atisaye a Rabat saboda haƙƙoƙinsu da suka taru. Na ji kunya, kuma ban ga laifin yaran ba, domin wannan ba sabon abu ba ne. A 2013 sun ƙi shiga jirgi a Namibiya. A 2014 sun ƙi atisaye kafin wasan Faransa. A 2016 'yan Olamfik sun maƙale a Atlanta, suka sauka Manaus saura sa'o'i a take wasa da Japan. Shugabanni sun canja, daga Alhaji Aminu Maigari zuwa Amaju Pinnick zuwa ku, cutar tana nan. Na san kuɗin ba duka daga aljihun hukumar suke fitowa ba, na san akwai jiran gwamnati. To ku fito ku faɗa wa jama'a: ga abin da FIFA da CAF suka bayar, ga na masu talla, ga na gwamnati, ga bashin da ke kanmu. Ku yi yarjejeniya a rubuce da 'yan wasa kafin kowace gasa, kada a riƙa ciniki a ɗakin otal daren wasa. Ma'aikaci ne ni, na san yadda zuciyar mutum ke mutuwa in ya yi aiki aka ce ya dawo gobe.

Ba zan hana ku naku ba. Kai wa wasan ƙarshe a Abidjan a zamaninku aka yi. Da aka tsare yaranmu a filin jirgin Al Abraƙ a Libiya a Oktoban 2024 ba abinci ba wurin kwana, kun tsaya har CAF ta ba mu maki uku da ƙwallo uku. Wannan ya nuna in kun sa kanku abu kuna iyawa.

Na ce zan dawo kan yaran Kaduna biyar na Atlanta. Ba daga sama suka faɗo ba. A lokacin masaƙu na da kulob, bankuna na da kulob, makarantu na gasa a tsakaninsu, Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin kulob-kulob na Afirka a 1988, BCC Lions ta Gboko ta ɗauko shi a 1990 a hannun Amodu. Yaro na tashi yana ganin gwanaye da idonsa a filin Ahmadu Bello. Yau masaƙun sun rufe, filayen unguwa an yanka su fuloti, yaranmu sun san 'yan bencin Arsenal da Barcelona amma ba su san kyaftin ɗin kulob ɗin garinsu ba. A watan Agustan bana Sudan, ƙasar da yaƙi ya raba 'yan wasanta da gidajensu, ta zura wa tawagarmu ta 'yan lig ƙwallo huɗu a gasar CHAN. Golden Eaglets, 'yan ƙasa da shekara 17, da suka ci kofin duniya sau biyar, har da na 2013 a hannun Manu Garba, ba su je gasar 2023 ba, ba su je ta bana ba. Ina farin ciki da yaranmu da aka haifa a Landan suka zaɓi ƙasar iyayensu, Allah ya yi musu albarka. Amma rijiyar gida ce ke ƙafewa, kuma ruwan aro ba ya isar gari.

Duk wasanninmu biyar na gida a neman gurbin nan a Uyo aka buga su, domin can ne filin da CAF ta amince da shi. Ƙasa mai jiha 36, fili ɗaya. Rabona da ganin Super Eagles a Kaduna tun 25 ga Maris 2016, ranar da Etebo ya ci Masar, Mohamed Salah ya farke gab da tashi. Mutane sun ninka abin da filin zai ɗauka, samari har kan ƙarafan fitilu. Ganganci ne, Allah ne ya tsare, kuma tarar da CAF ta yi daidai ce. Amma abin da ya kai samarin can sama ƙauna ce, irin wadda aka gani a Garwa a Janairun 2022, inda mutane suka tsallaka daga Yola da Mubi suka haɗu da 'yan'uwansu na Kamaru suka mayar da filin tamkar gida. Na san filaye na gwamnatoci ne, ba naku ba. Amma ku ne za ku zauna da Malam Shehu Dikko na Hukumar Wasanni ta Ƙasa da gwamnonin Kano da Kaduna da Bauci, ku ajiye musu sharuɗɗan CAF a gabansu, ku ce ga wasan da za mu kawo muku in kun cika su. Jikana bai taɓa ganin Osimhen da idonsa ba, kuma ba ni da kuɗin kai shi Uyo.

Akwai kuma haƙƙin tsofaffi. Gidajen da aka yi wa 'yan 1994 alkawari sai a 2021 gwamnati ta amince a ba su, bayan Uche Okafor da Yekini da Thompson Oliha da Wilfred Agbonavbare da Keshi duk sun mutu. Yekini mai ƙwallo 37, wanda har yau ba a kamo shi ba, ya ƙare rayuwarsa a kaɗaice a Badun a 2012. A bana kaɗai mun binne Christian Chukwu da Peter Rufai. Masu labarin suna ƙarewa, kuma ban san wani ɗaki guda a ƙasar nan da yaro zai shiga ya ga rigar Muda Lawal ko hoton 'yan 1949 ba. Ku tura matasa da na'urar ɗaukar hoto su zauna da Odegbami da Garba Lawal da Babangida da sauran waɗanda ke raye, a naɗi bakinsu da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Ku kafa musu asusun magani wanda ba sai an yi bara a jarida ba. Duk sabon shugaban da zai hau kujerar nan ya kamata a zaunar da shi ya ji labarin Amodu kafin ya sa hannu a takardar korar koci.

Ranar 23 ga Disamba za mu fara Kofin Afirka na Maroko da Tanzaniya a birnin Fas, sai Tunisiya, sai Yuganda. Roƙona, ku biya yaran nan duk abin da suke bi kafin su shiga jirgi, ku kuma sanar da ranar da aka biya. Ku faɗa wa Chelle tun yanzu, a gaban jama'a, cewa ko ya ɗauko kofi ko ya dawo a zagaye na biyu, shi zai fara neman gurbin 2030, da sharaɗin ya riƙa zama a ƙasar nan yana zuwa Kano da Aba da Ikenne da Maiduguri kallon lig. Ni da jikana za mu koma gidan kallon nan ranar Talatar, na riga na yi masa alkawari.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ɗan kallo,
Tudun Wada, Kaduna.
26 ga Nuwamba, 2025.